Daga Tafintan Kwamanda zuwa Tafintan Na'ura

Duk wanda ya taɓa mulkin ƙasar nan tamu, daga Magarya zuwa Dungas, tambayoyi iri ɗaya ne suke hana shi barci: wa ya shigo, wa ya fita, me ya ɗauko, wa ya gani a ƙetare. Sarakunan Damagaram sun yi su, Nasara ya yi su, gwamnatocin bayan ƴancin kai sun yi su. Yanzu kuma ana koya wa na'ura ta riƙa yin su. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hirar da nake ji wajen ƴan uwa ɗalibai masu karatun lissafi da kwamfuta, cewa wai aikin gobe shi ne koyar da na'ura tace bayanan sirri don tsaron ƙasa, aiki mai albashi mai tsoka da daraja. Ban ƙi ba. Amma aikin nan yana da kakanni a garuruwanmu, kuma ya kamata mai son shigarsa ya san yadda suka ƙare da yadda waɗanda aka sa wa ido suka ƙare.

A ƙarni na 19 yankinmu tsakiya yake, tsakanin manya. Dungas da Washa da Miriya su ne ƙasashen Sosebaki. Gidan sarautar Hausa na Daura, da jihadi ya kore shi, ya watsu zuwa Zango da Ɓaure, sarautar Magarya ma daga wannan tsatso take. A arewa ga Damagaram, wadda a zamanin Sarki Tanimu, daga 1851 zuwa 1884, ta zagaye kanta da ganuwa, ta ƙera igwa, ta haɗa albarushi, ta mayar da waɗannan ƙasashe ƙarƙashin inuwarta. A kudu ga Kano da Kazaure da Daura ta Fulani, masu biyayya ga Sakkwato. A gabas ga Barno, wadda Damagaram kanta take kai wa gaisuwa. Sarkin da ke irin wannan wuri ba ya rayuwa sai da kunne. Kunnensa kuwa su ne fatake da madugai, da almajirai masu yawon karatu, da fatoman da baƙo ke sauka gidansa, da manzanni masu kai takarda. Labari yana tafiya da ƙafa, kuma kafin ya isa fada ya bi ta bakin mutum uku ko huɗu, kowa da tasa buƙata.

An ga abin da irin wannan labari yake iya haifarwa a 1898. Wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya sauka Damagaram a kan hanyarsa ta zuwa gabas. A lokacin Rabe ya riga ya cinye Barno tun 1893, kuma babu abin da fadar Sarki Ahmadu Kuren Daga take tsoro kamar a ce Nasara da Rabe sun haɗa kai. Aka auna baƙon, aka auna inda ya dosa, aka yanke hukunci. Ranar 5 ga Mayu aka kashe shi tare da tafintansa, Olive. Shekara guda bayan haka sojan Faransa suka dawo, aka gwabza a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, Damagaram ta faɗi, sarkin kansa aka kashe shi a watan Satumba. Ba ina cewa da an bar kyaftin ɗin ya wuce da Faransa ta haƙura da mu ba. Tana tafe ko da me. Abin lura dai shi ne tafinta da ubangidansa rami ɗaya suka faɗa.

Na fi son mu tsaya a 1906, don a nan ne nake ganin hoton abin da ke gabanmu. Shekarar tsoro ce ga Turawa. A Fabrairu mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sun karya rundunar Ingila. A yamma kuma an yi tawaye a Kobkitanda da Karma. Ƴan tsirarun Faransawan da ke Damagaram suna kwana da ido ɗaya. Sai ga labari ya iso musu cewa ana ƙulla makircin hallaka su. Aka kama Sarki Ahmadu ɗan Bassa, aka kama babban attajirin nan Malam Yaro, aka kama tafinta Ali Diallo. Aka tuɓe sarki, aka kai shi gudun dole Kodibuwa, aka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe ƙasa; sarautar ba ta koma gidanta ba sai a 1923. Har yau masana tarihi suna jayayya a kan ko makircin ya kai yadda aka faɗa, ko kuwa rikicin cikin fada ne aka yi wa riga aka kai wa Bature. Ku duba yanayin da kyau. Mai bindiga ba ya jin harshen mutanen da yake mulka. Yana cikin tsoro. Abin da ya sani duka ta bakin wasu ya shigo, kuma waɗannan wasu suna da abokan gaba da abin da suke kwaɗayi. Ba shi da hanyar gwada labarin sai ta bakin wasu irinsu. Hukuncin da ya yanke a cikin wannan duhu ya juya tarihin Damagaram har shekara 17.

A daidai wannan lokaci ake shata iyakar da ta raba mu da dangi. Yarjejeniyar 1898 ta bar wa Faransa hanya maras rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo layin kudu. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Kyaftin Tilho ta Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi 148, daga Kwara har tafkin Cadi. Su ne tsofaffinmu ke kira tangaraho. Cikin tawagar akwai wani hafsa, Landeroin, wanda aikinsa tafinta ne. Shi ya zauna da sarakuna da dattawa yana tambayar asali, wa ya haifi wa, wa ke kai wa wa gaisuwa, kuma da irin waɗannan amsoshi ake kafa hujjar cewa gari kaza na wannan ɓangare ne. Shi da Tilho suka fitar da littafin nahawun Hausa da tatsuniyoyi a 1909, sannan ƙamus a 1910. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi: ƙamus ɗin Hausa da sojan shata iyaka suka rubuta. Aiki ne mai kyau, masu tarihi suna cin moriyarsa har gobe, amma ba don ƙaunar karin maganarmu aka biya kuɗinsa ba.

Tun daga ranar, abin da ya kasance zumunci ya koma abin rubutawa a rahoto. Zuwa suna a Zango, kai gyaɗa Ɓaɓura, gudun lanho da aikin tilas zuwa ƙasar Ingilishi, duk kwamandan Magarya yana so ya sani. Kwamandoji ba sa daɗewa, kaɗan ne cikinsu suke jin Hausa, saboda haka tafinta da gardi da mai gari su ne idonsa. Daga 1940 zuwa 1942, da Nijar ta bi gwamnatin Vishi alhali Najeriya tana hannun Ingila, layin nan ya zama bakin daga tsakanin Turawa biyu, ana tsare mutum saboda ya kwana a ƙauyen surukinsa. Ba'amurken nan William Miles, wanda ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya rubuta littafi sukutum a 1994 a kan Yekuwa tamu da Yardaji ta Najeriya, ƙauyuka biyu maƙwabta, dangi ɗaya, da tangaraho ya raba. Wanda ya karanta shi zai ga cewa mutane ba su taɓa daina ƙetarawa ba. Dabarun ƙetarawar ne kawai suke sauyawa.

Sai zamanin Sawaba. Djibo Bakary ya ce a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, ya sha kaye, aka haramta jam'iyyarsa a 1959. Jahar Damagaram tana cikin wuraren da ta fi ƙarfi, kuma ƙarfinta yana wajen direbobi, da yaran mota, da ƴan koli, da teloli, da ƙananan ma'aikata, wato mutanen da abincinsu yake kan hanya. Da suka koma ƙarƙashin ƙasa, Kano ta zama mafakarsu, inda ƴan NEPU suka karɓe su. A Oktoba 1964 mayaƙanta, waɗanda suka samu horo a Gana da Aljeriya da Sin da Biyetnam, suka fara kutsowa ta kan iyakoki. Gwamnatin Diori Hamani tana jiransu. Tana da ofishin leƙen asiri da ake kira BCL, wanda wani Bafaranshe, Jean Colombani, yake riƙe da shi, tana da ƴan banga na jam'iyya a ƙauyuka. Aka murƙushe su cikin makonni, har aka harbe wasu a bainar jama'a. Bayan an jefa wa Diori gurneti a filin Idin babbar salla a Yamai, a Afrilu 1965, kame ya ƙara tsananta. Klaas van Walraven, wanda ya shafe shekaru yana bin tsofaffin ƴan Sawaba yana rubuta labarinsu, ya nuna yadda tarkon ya haɗa da ɗimbin mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Gaskiya ne akwai masu makami, gwamnati ba mafarki ta yi ba. Amma ma'aunin da ta auna mutane da shi, wato yawan tafiya, da dangi a ƙetare, da wanda ka sauka gidansa, ma'auni ne da rabin Magarya za ta faɗa cikinsa. BCL ɗin nan bai mutu da Diori ba. A zamanin Seyni Kountché ya ƙara kauri a hannun Amadou Oumarou Bonkano, har iyayenmu suna ba da labarin yadda mutum ke waigawa kafin ya yi maganar farashin hatsi. Abin dariya, ko na kuka, Bonkanon da aka ba amanar gano masu juyin mulki shi ne ya yi yunƙurin juyin mulki a Oktoba 1983.

To, daga nan ido ya bar ƙasa ya koma sama. A Fabrairu 2013 Amurka ta fara tayar da jirage marasa matuƙa daga Yamai, waɗanda muke kira kuramen jirage. Daga baya ta gina sansani na 201 a Agadas, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 110, aka fara tashi daga can a Nuwamba 2019. Jirgi irin MQ-9 yana iya yini ya kwana a sama yana ɗaukar hoto. Matsalar da wannan ya haifar wa masu shi ita ce hoto ya fi ƙarfin masu kallo. Ba a da isassun idanun da za su zauna gaban allo sa'o'i dubbai suna jiran mota ta motsa. Saboda haka a Afrilu 2017 ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa shirin da ake kira Maven, don a koya wa na'ura ta riƙa gane mutum da mota da gini a cikin hoton jirgi, ta ɗaga wa mai bincike hannu. Kamfanin Google ya shiga aikin, ma'aikatansa sama da 3,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa a 2018, kamfanin ya ce ba zai sabunta kwangilar ba. Shirin dai ya ci gaba da wasu.

Bari in fayyace yadda koyon na'ura yake, don ana yawan yi masa kwarjinin da ya wuce shi. Ba a gaya wa na'ura “ga yadda ɗan ta'adda yake”. Ana tara mata misalai dubbai waɗanda mutum ya riga ya yi wa alama: wannan babur ne, wannan raƙumi ne, wannan taron biki ne, wannan taron mayaƙa ne. Ita kuma ta lissafa abin da ya haɗa masu alama ɗaya, ta fitar da ma'auni, sannan a kawo mata sabon abu ta ce ya fi kama da wane. Ke nan duk abin da ta sani daga hannun mai sa alama ya fito, kamar yadda duk abin da kwamanda ya sani daga bakin tafinta ya fito. Bambancin shi ne tafintan da yana tsaye a gaban mutane, ana iya tsine masa, ana iya kai masa kaza, ana iya kai ƙararsa. Na yanzu ya gama aikinsa shekara biyu kafin a kama ka, yana wata ƙasa, bai san sunanka ba.

Akwai misali da ya kamata kowane ɗan kan iyaka ya sani. Cikin takardun da Edward Snowden ya fallasa, jaridar The Intercept ta fitar a 2015 da bayanin wani shiri na hukumar NSA ta Amurka mai suna SKYNET. An tattara bayanan wayar salula na mutum miliyan 55 a Pakistan. Ba abin da suka faɗa ake saurare ba, ana duba wa ya kira wa, daga ina, da yaushe. Aka sa na'ura ta nemo ƴan aiken ƙungiyoyin ta'adda ta hanyar ɗabi'u irin su yawan tafiya tsakanin wasu garuruwa, kwana a hanya, sauya layi a waya ɗaya, sauya waya da layi ɗaya, da yawan kashe waya. Wanda takardun suka nuna da alfahari cewa na'ura ta ba shi maki mafi yawa shi ne Ahmad Zaidan, shugaban ofishin Aljazira a Islamabad, ɗan jarida da aikinsa ne ya je inda mayaƙa suke ya yi hira da su. Masana ƙididdiga da suka duba takardun sun lura cewa sanannun ƴan aiken da aka gwada na'urar da su mutum 7 ne kacal. Ɗaya daga alƙaluman kuskuren da aka rubuta shi ne kashi 0.18 cikin 100. Yana kama da ba komai, ko? A cikin miliyan 55, mutum 99,000 ke nan da za a nuna wa yatsa ba su ji ba su gani ba.

Yanzu ku ɗauko wannan ma'auni ku aza a kanmu. Ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum kusan 580,000, Dungas kuma, wadda aka yanke daga jikinta a 2011, sama da 350,000. Wane ne a Tinkim ko Sasumburum ko Malawa ba shi da layi biyu, pis ɗin Nijar da na Najeriya? A wasu ƙauyukan ma eriyar ƙetare ce ta fi kamawa, mutum yana kwance a ɗakinsa amma a takardar kamfani yana wata ƙasa. Waya ɗaya tana yawo hannun mutum biyar a gida. Tana mutuwa kwana biyu saboda mai caji sai ranar kasuwa. Dillalin dabbobi yana kwana a hanya kowace Laraba don ya riski Maigatari ranar Alhamis. Ɗan ruwa-ruwa yana bin barauniyar hanya da dare, a ayarin babura, fitila a kashe, jarkoki a baya. Ɗan ci-rani ya ɓace wata biyar ya dawo da sabuwar lamba. Wannan duka shi ne zaman lafiyarmu. In muka ƙaddara, don lissafi kawai, cewa layuka 300,000 ne a gundumomin biyu, wancan ƙaramin kuskure zai fitar da mutum 540. A ganina ma zai wuce haka nesa, don na'urar da ta koyi “mutumin kirki” daga mazaunin birni mai layi ɗaya da adireshi ɗaya, mu duka baƙin abu ne a wurinta.

Kada wani ya ce ina raina barazanar. Boko Haram ta afka wa Boso da Difa a Fabrairu 2015, ƴan bindiga sun addabi kudancin Maraɗi, kuma in yankinmu ya samu sauƙi har yanzu, ba mu da takardar cewa haka za a dawwama. Ƙasa tana buƙatar ta sani kafin a buge ta. Sai dai a Disamba 2019, wata guda bayan buɗe sansanin Agadas, an kashe sojojinmu 71 a Inates, a Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Maharan da yawa suka zo, a kan babura da motoci, a ƙasar da jiragen Amurka da na Faransa suke shawagi. Sannan ga ɗaya gefen kuskuren: ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin sojan Najeriya maras matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, a jihar Kaduna, hukuma ta ƙirga gawa 85. Daga sama taro taro ne. Yaro ɗan shekara goma a ƙauyen ya san daren Mauludi ne. Wannan sani shi ne bai hau jirgin ba.

Sai maganar harshe, inda Landeroin yake dawowa. A 2015 hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ta buɗe wani shiri mai suna LORELEI, don a samu na'urar da za ta iya fahimtar harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet cikin gaggawa idan wani abu ya ɓarke. Hausa tana cikin harsunan da aka tara wa rubutu da fassara. An ce don agaji ne lokacin bala'i, kuma ba na musun hakan, amma mai biyan kuɗin ma'aikatar tsaro ce. Wace Hausa aka tara? Abin da ke kan intanet, wato galibi Hausar gidajen rediyon ƙetare da ta Kano. Ku gwada wannan a kan maganar kasuwarmu. Idan na ce wa mutum ya aiko mini da ɗari, a nan sefa 500 nake nufi, don da dala muke ƙirga. Jika kuwa 1,000 ce. Na'urar da ta yi karatu a Kano za ta yi kuskuren kuɗin ninki biyar, in ma ta gane sefa ake nufi. Muna cewa lakwal, duwan, jandarma, farfe, muna cusa Faransanci a tsakiyar jimla. Muna kashe wuta, mu kashe kuɗi, mu kashe aure, mu kashe magana, ba a zubar da jini ko ɗigo ba. “Kayan sun ƙetare, a gaya wa yara su shirya da dare” magana ce ta mai buhunan wake, amma ku karanta ta da idon wanda aka ce ya nemo makirci. Ga shi ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, gari na zama da gari na tuwo duk ɗaya ne a saƙon waya. Wannan ba tsoron banza ba ne. A Oktoba 2017 ƴan sandan Isra'ila sun kama wani Bafalasɗine mai aikin gini saboda ya rubuta barka da safiya da Larabci a Facebook, na'urar fassara ta mayar da ita umarnin kai hari, kuma babu mai jin Larabci da ya duba kafin a je a ɗauko shi. Larabci fa, mai ɗakunan karatu cike da littattafai.

To ina gurbin ɗan Magarya a wannan sana'a? A nan nake ganin ƴan uwana suna ruɗin kansu. Manyan kujerun binciken, a ɗakunan gwaje-gwajen da ke yi wa hukumomin leƙen asirin Amurka ko Faransa aiki, sai ɗan ƙasa wanda aka tantance shi aka ba shi izinin ganin sirri. Ba za a ba ka ba, ko kai ne na ɗaya a ajinku. Abin da ke gangarowa gare mu shi ne gindin aikin: saurari wannan murya ka rubuta, fassara jimlolin nan, zagaye motar da ke cikin hoton nan. An ruwaito a 2019 cewa ƴan ƙwadagon intanet da suka yi wa hotunan Maven alama ta hannun wani kamfani ba su ma san na soja ba ne. Mujallar Time kuma ta ruwaito a 2023 cewa ƴan Kenya da suka tace ƙazamin rubutu don horar da ChatGPT ana biyansu ƙasa da dala 2 a sa'a. Tafintan kwamanda aƙalla ya san wa yake yi wa aiki, kuma ya hau doki.

Amma al'amura sun juya ta inda ba a zata ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijar ta soke yarjejeniyar soja da Amurka a Maris 2024, a Agusta sojanta suka fice daga Agadas. Ƙasar tana da nata kuramen jirage ƙirar Turkiyya tun 2022. A Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Duk wannan yana nufin wata rana, kusa ko nesa, Yamai ce za ta nemi masu wannan ilimi, ko ta saye shi a kwali daga wata ƙasa. Idan zaɓin ke nan, ni na fi son a ce wanda ya gina ma'aunin ya taɓa cin kasuwar Maigatari, ya san dalilin da ya sa waya ke mutuwa ranar Talata. Akwai kuma hanyar koyo da ba ta bi ta bariki ba: ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka, da HausaNLP da ƴan uwanmu na Najeriya suka kafa, suna aikinsu a fili, kowa yana iya ganin abin da aka tara da yadda aka yi masa alama. Hausar Damagaram ba ta da yawa a can, kuma babu wanda zai kai ta sai mu, ɗaliban jami'ar André Salifou da makamantanmu. Sai dai in faɗi gaskiya, abin da aka ajiye a fili kowa yana ɗauka, har da wanda ba ka so.

Kasancewar mai na'ura ɗan gida ne bai isa ya kwantar mini da hankali ba, don Bonkano ma ɗan gida ne. Abin da nake dubawa shi ne dokar da ke kewaye da aikin. A 2020 majalisa ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren wayoyi da saƙonni saboda tsaro, ƴan adawa suka fice daga zauren suna cewa an bar ikon a hannun fadar shugaban ƙasa. A Agusta 2024 aka kafa kundin sunayen mutane da ƙungiyoyin da ake zargi da ta'addanci ko cin amanar ƙasa. Ana iya sa sunan mutum tun kafin kotu ta same shi da laifi, a riƙe dukiyarsa, a hana shi tafiya, har a dakatar da zamansa ɗan ƙasa, kuma a Oktoba na shekarar aka fara aiwatar da hakan a kan mutum 9 na tsohuwar gwamnati. Yau mutane ne suke rubuta sunayen, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka haɗa irin wannan kundi da na'ura mai fitar da sunaye ɗari biyar a dare guda, wanda ya gina ta shi kaɗai zai iya gaya wa mai sa hannu cewa a cikin ɗari biyar ɗin wataƙila biyar ne abin nema, sauran dillalan awaki ne da masu zuwa gaisuwar mutuwa a Ɓaure. Zai faɗa a rubuce, da alƙaluma, a gaban mai kaki da ke cikin tsoro da gaggawa kamar Faransawan 1906, kuma ya nemi a ajiye takardar inda alƙali zai iya ganinta. Ali Diallo, da aka tashi kame a waccan shekara, sanin harsuna biyu bai hana a haɗa da shi ba.